Darasin Fasaha: Yadda Ake Haɗa Dandamalin Katako a Bayan Jirgin Ruwa

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako ya shafi aikin katako, amma 'yan ajin Fiziks su matso kusa, domin akwai rabonsu a ciki.

A ƙasashe irin su Amurka, inda mutane ke da ƙananan jirage masu inji don shaƙatawa a tafkuna da bakin teku, akan maƙala wani dandamali a bayan jirgi, dab da saman ruwa. A kansa mai iyo yake zama ya zura ƙafafu ya shiga ruwa, ta nan kuma yake hawowa idan ya gama. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin hawa kwale-kwale daga cikin ruwa ya san ba wasa ba ne: jiki ya gaji, gefen jirgi ya yi tsawo, hannu kuma yana santsi. Wanda ya faɗa ruwa bisa tsautsayi ma, sau da yawa wannan dandamali ne hanyarsa ta komawa.

A ido abin kamar benci ne kawai. Sai dai benci ƙafa huɗu gare shi a ƙasa, shi kuwa wannan gefe ɗaya kaɗai ya kama, sauran yana reto a kan ruwa. Saboda haka ingancinsa yana wurin da ya haɗu da jirgi.

Bari mu fara da katakon. Wanda aka fi so shi ne icen tik, ɗan asalin Indiya, Bama da Tailan. Yana da wani maiƙo a jikinsa da ke hana ruwa shigarsa da sauri, ba ya saurin ruɓewa, kuma ba ya yawan kumbura ko tankwarewa idan ya jiƙe ya bushe. A kudu maso yammacin Nijeriya ma akwai gandayen da aka shuka shi. Aibinsa biyu ne, tsada da cin kaifi, domin akwai sinadarin silika a cikinsa mai dakusar da zarto. Wanda bai samu tik ba yakan koma ga loko, icen da kafintocinmu suka sani sarai, har Turawa suna masa laƙabi da tik ɗin Afirka. Farin katako mai araha irin na rufin ɗaki kuwa, a bar shi a rufin.

Kafin a taɓa zarto sai a ɗauko kwali. Bangon bayan jirgi ba kasafai yake miƙe ɗoɗar ba, yakan ɗan lanƙwasa daga gefe zuwa gefe, yakan kuma karkata daga sama zuwa ƙasa. Sai a manna kwalin, a zana lanƙwasar, a yanke, a gwada, a sake gyarawa har ya zauna daram. Daga nan a kwafi siffar a kan katako. Kwali idan ya lalace a jefar, falankin tik kuwa kuɗi ne.

Ba a yin dandamalin da faffaɗan allo guda. Ana tsaga katakon sille-sille, a jera su da 'yar tazara a tsakani, a ɗaure su da wasu katakai da aka gitta ta ƙasa. Tazarar tana barin ruwan da ya hau ya tsiyaye, amma babban aikinta yana ƙasa: idan igiyar ruwa ta bugo daga ƙarƙashi sai ta ratsa ta wuce, maimakon ta ɗaga allon gaba ɗaya ta fizge shi. Kada dai tazarar ta yi faɗin da yatsan ƙafar yaro zai maƙale. Wajen haɗawa ana amfani da gam mai suna ifoksi, kuma tun da tik yana da maiƙo, sai an goge fuskar da asiton kafin gam ya kama. Kan kowane sukuru a nutsar da shi cikin katako a toshe ramin da ɗan guntun ice, a bi kusurwoyi da samfefa har su daina kaifi, domin da ƙafa ba takalmi ake takawa.

Yanzu ga lissafin. A ce dandamalin ya fito santimita 60 daga jikin jirgi, mutum mai nauyin kilo 70 ya tsaya a bakinsa. Nauyinsa kusan niyuton 700 ne. Idan muka ninka 700 da mita 0.6, za mu sami 420, wato ƙarfin da ke neman juya dandamalin ƙasa. To, a ce ƙarfen da ya tokare shi yana da noti a sama da wani a ƙasa, tsakaninsu santimita 30. Raba 420 da 0.3, ka sami niyuton 1,400. Ma'ana, notocin sama suna jin ana fizgo su waje da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 140, ninki biyu na nauyin mutumin, alhali tsaye kawai yake. Idan ya yi tsalle, ko su biyu suka tsaya, abin ya wuce haka nesa. Irin dabarar da kafinta yake zare ƙusa da bayan guduma ke nan, sai dai a nan jirgin ne ake zare wa ƙusa. Ku lura kuma, da an ƙara tazarar notocin zuwa santimita 60, da fizgar ta ragu da rabi. Shi ya sa ake son matokari mai tsawo wanda ya sauka ƙasa sosai.

Don haka sukuru kaɗai ba ya wadatarwa a nan. Dole noti ya ratsa bangon ya fito ta ciki, a sa masa faffaɗan farantin ƙarfe a baya wanda zai raba nauyin, kada wosha ƙarama ta nutse cikin bango. Ƙarfen kuma ya zama wanda ba ya tsatsa. A ruwan gishiri nau'in da ake kira 316 aka fi amincewa da shi. Ƙarfen gama-gari zai yi tsatsa ya ɓata katakon da baƙin tabo, sannan wata rana ya karye ba sallama.

Akwai wani wurin da masu gaggawa suke faɗawa. Yawancin jiragen faiba, bangon bayansu filawud ne a tsakiya, aka lulluɓe shi da faiba ciki da waje. Kowace huda ƙofa ce ga ruwa. Idan ya shiga, filawud ɗin zai riƙa ruɓewa a ɓoye shekara da shekaru, waje yana ƙyalli, ciki ya zama dusa, ga shi kuma a jirage da yawa wannan bangon ne yake ɗauke da inji. Masu aikin kirki sukan huda ramin ya fi notin faɗi, su cika shi da ifoksi, idan ya daskare su sake huda daidai girman notin, sannan su shafa gam mai hana ruwa kafin su ɗaure. Aikin kwana biyu ne maimakon awa ɗaya, kuma a ganinmu nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Tsayin dandamalin a auna shi jirgi yana kan ruwa da kayansa, ya zauna sama da ruwa kaɗan, kuma kada ya tare inji ko bakin salansa. Fenti mai ƙyalli ba shi da wuri a kansa, don yana santsi idan ya jiƙe. Tik da aka bari haka nan yakan koma ruwan toka, ƙafa kuma tana kama shi.

Saura haɗarin da ba na katako ba. Farfela tana ƙarƙashin wannan wuri, hayaƙin inji ma nan yake fita. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai take kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Takan taru a bayan jirgi da ƙarƙashin dandamali, mutum ya shaƙa ya suma ya nutse. A Amurka an yi asarar rayukan matasa masu riƙe bakin dandamali jirgi yana jan su a ruwa, har jihar Kalifoniya ta yi dokar hana wannan wasa a 2004. Ƙa'idar masu jirage ita ce, kafin kowa ya taka dandamali ko ya kusance shi daga cikin ruwa, sai an kashe inji, an kashe janareta.