Tasirin Iska da Yanayi a kan Wasannin Dare na Dandali

1.0 Gabatarwa

Akasarin wasannin Hausawa na gargajiya ba a cikin ɗaki ake yin su ba. Dandali ko ƙofar fada ko bakin kasuwa nan ne fagen wasa, ba shi da wani rufi sai sararin sama. Da yake rana lokacin neman abinci ce, sai dare ya zama lokacin gaɗa da tashe da kiɗan samari, har ma da dambe a wurare da dama. Wasan da ba shi da rufi kuwa yana ƙarƙashin ikon yanayi. A wannan darasi za a duba yadda iska da ruwa da hazo suke tsara lokacin wasa da yadda ake gudanar da shi, tare da ɗaukar misali daga karkarar Garbadu da maƙwabtanta na ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara.

2.0 Lokutan Shekara da Wasannin Dare

Iskoki biyu ne suke juya shekara a wannan yanki. Ta farko tana tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atilantika, ita ce mai ɗauke da laimar da ke kawo damina. Ta biyu tana tasowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, busasshiya ce mai ƙura, ita ce iskar hunturu.

Da damina, wato daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, wasannin dare sukan ja baya. Jama'a sun wuni a gona, dandali ya jiƙe, gizagizai kuma sun rufe wata. Wani abin lura shi ne, ko da yake laima daga kudu maso yamma take zuwa, hadari daga gabas yake tasowa, galibi da yamma ko cikin dare, kuma guguwa ce take yi masa jagora kafin ruwa ya sauka.

Da kaka al'amarin ya sha bamban. Ruwa ya ɗauke, sanyi bai kankama ba, rumbuna sun cika. Wannan ne ya sa bukukuwan kalankuwa da wasannin dambe da kokawa suka fi yawa bayan girbi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 cikin dare, sai a watse da wuri, a koma ɗaka a yi tatsuniya a bakin wuta. Da bazara kuwa, musamman a watan Afrilu, zafin rana kan wuce digiri 40, ɗakuna ba su zaunuwa, don haka hira da wasa sukan kai tsakar dare.

Tashe ya fita daban, domin ba kakar shekara yake bi ba, watan Azumi yake bi, ana fara shi daga goma ga wata. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Azumi yana zagaya dukkan lokutan shekara a cikin kimanin shekara 33. A 2000 an yi tashe cikin sanyin Disamba, a 2010 cikin ruwan Agusta, a 2023 kuma cikin zafin Afrilu. Ke nan wasa ɗaya ne, amma tsawonsa da yawan gidajen da yara za su iya zagayawa sun danganta da lokacin da ya faɗo.

3.0 Iska da Sauti

Wasan dandali ya dogara ne ga murya da kiɗa. Iska tana kai sauti inda ta nufa, tana kuma raunana shi a ɓangaren da ta fito. Idan dare ya yi tsit, ƙasa ta huce, iskar da ke kusa da ƙasa takan fi ta sama sanyi, wannan kuwa yana lanƙwaso sauti ƙasa, sai ya yi nisa. Dalili ke nan da ya sa ake jin kiɗan wani ƙauye daga nesa da dare, alhali da rana ba a jin sa.

Kayan kiɗan su ma yanayi yana taɓa su. Kalangu da ganga da kotso, irin wanda Musa Ɗanƙwairo Maradun ya shahara da shi, duk da fata ake rufe bakinsu. Fata tana shan laima ta saki, zaƙin kiɗa ya mutu, shi ya sa makaɗa suke kanga ta a wuta kafin su fara. Bushewar hunturu kuma tana ɗaure ta, har takan fashe. Haka nan ƙurar hunturu tana dushe muryar mai bayar da waƙa.

4.0 Iska da Haske

Fitilar dandali ta asali ita ce farin wata, don haka wasan gaɗa ya fi armashi a tsakiyar wata. Hazo yana dusashe wannan haske, iska kuma tana kashe aci-balbal. Wutar kara da ake hurawa don haske ko jin ɗumi tana da haɗari da hunturu, lokacin da danga da jinka da karan da aka tara duk sun bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Da majigi ya shigo a zamanin mulkin mallaka, sai ya zo da nasa matsalolin. Farin ƙyallen da ake haska hoto a kai iska tana kaɗa shi, ƙura tana rage ƙarfin hasken na'ura, farin watan da ke raya gaɗa kuma shi ne yake kashe hoton majigi. Gidajen sinima na farko ma, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, ba su da rufi a kan mafi yawan kujerunsu, sai duhu ya yi ake farawa, ruwan sama kuma yana iya watsa 'yan kallo. Wannan matsala ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. A filin shaƙatawa na Disneyland da ke Amurka, akan soke wasan tartsatsin wuta na dare idan iskar da ke can sama ta yi ƙarfi, ko da a ƙasa ba a jin motsinta, don kada ta kwashi burbushin wuta ta zuba a kan jama'a.

5.0 Abin da Ya Kamata Malami Ya Kula da Shi

Tun wajen 2011, rashin tsaro ya rage taron dare a ƙauyukan Zamfara da yawa, sai harabar makaranta ta zama ɗaya daga cikin wuraren da yara za su ga waɗannan wasanni. Malamin Hausa da zai shirya wasa a fili yana ɗauke da amanar rayukan ɗalibai, saboda haka ya kiyaye waɗannan abubuwa:

(a) Ya zaɓi kaka ko ƙarshen hunturu, ya kuma saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet.

(b) Da hunturu, ya tsayar da 'yan wasa a gaban bangon da ke arewa maso gabas da fili. Bangon zai tare iska, ya kuma maido da murya wajen 'yan kallo.

(c) Ya ɗaure labule da rumfa da kyau, domin Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ya kuma nisanta wuta da janareta daga danga.

(d) Idan hadari ya haɗu, ya ƙirga tazarar da ke tsakanin walƙiya da tsawa. Sauti yana cin kimanin kilomita 1 a daƙiƙa 3. In tazarar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, a shigar da yara aji nan take, kada a bari su fake a gindin itace.

6.0 Kammalawa

An ga cewa yanayi ne yake yanke lokacin wasan dare da tsawonsa da inda za a tsaya a yi shi. Mai nazarin wasannin gargajiya da ya rubuta waƙa da sunan wasa, amma bai faɗi a wane lokaci na shekara aka yi shi ba, ya bar wani muhimmin ɓangare na bayaninsa.

7.0 Tambayoyi

1. Bayyana dalilin da ya sa dambe da kalankuwa suka fi yawa da kaka.
2. Ta yaya tashe ya bambanta da sauran wasannin dare dangane da yanayi?
3. Tsara yadda za a shirya fagen wasan kwaikwayo a harabar makaranta a watan Janairu.