Kuɗin Inshorar Rai Tsakanin Wanda Aka Ambata da Magada: Nazarin Hanyoyin Warware Saɓani a Kotu

Tsakure

Maƙalar ta duba saɓanin da ke tasowa a iyali idan ma'aikaci ya rasu ya bar kuɗin inshorar rai da sunan mutum guda. Ta kwatanta hukunce-hukuncen Amurka da Indiya da tanadin dokar Nijeriya da na fiƙihun Malikiyya. Ta nuna cewa fassara wanda aka ambata da kalmar "magaji" na cikin abubuwan da ke hura wutar rikicin.

1.0 Gabatarwa

Sashe na 4(5) na Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsu na shekara ba. Sashe na 8 kuma ya umarci kamfanin inshora ya biya kuɗin ga wanda mamacin ya ambata. Dokar ta fayyace hannun da za a damƙa wa kuɗi, amma tambayar da ke kai iyalai gaban alƙali ita ce: wanda ya karɓa mamallaki ne ko ɗan amana?

2.0 Yanayin Saɓanin

A ɗauki misalin ma'aikaci mai albashin naira 2,400,000 a shekara, wanda inshorarsa ta kama 7,200,000. Ya rubuta sunan uwargidansa tun kafin ya ƙara aure, sannan ya rasu ya bar mata biyu da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Idan kuɗin gado ne, matan za su raba tumuni, wato 450,000 kowacce. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, 1,200,000. Kowane namiji 2,040,000, mace kuma 1,020,000. Idan kuwa mallakar wadda aka ambata ne, uwargida ta kwashe duka, amarya da 'ya'yanta su tashi a tutar babu. Tazarar da ke tsakanin 450,000 da 7,200,000 ita ce abin da ake shari'a a kai.

3.0 Mahanga Biyu a Kotunan Waje

Mahanga ta farko tana bin abin da ke rubuce. A shari'ar Egelhoff ta 2001, wani ma'aikacin kamfanin Boeing ya rasu a haɗarin mota wata biyu bayan rabuwa da matarsa, bai sauya sunanta a takarda ba. 'Ya'yansa na auren fari suka dogara da dokar jihar Washington da ke soke sunan tsohuwar mata da zarar aure ya mutu. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar tarayya ta rinjayi ta jiha, don haka kuɗin ya zauna a hannun tsohuwar matar.

Mahanga ta biyu tana ɗaukar wanda aka ambata a matsayin mai karɓa kawai. A shari'ar Sarbati Devi da Usha Devi, wadda Kotun Ƙolin Indiya ta yanke a ƙarshen 1983, mahaifiyar mamaci da ɗansa ne suka yi ƙarar matarsa. Kotun ta ce biyan matar ya sauke nauyin kamfani, amma kuɗin na dukan magada ne. Sai a 2015 aka gyara dokar ƙasar, aka bai wa iyaye da ma'aurata da 'ya'ya da aka ambata haƙƙin mallaka.

4.0 Matsayin Fiƙihun Malikiyya

Wanda aka ambata yakan kafa hujja da ɗaya daga abu biyu. Idan ya ce kyauta ce, Malikiyya ta sharɗanta hauzi, wato karɓar abin a hannu kafin mai kyauta ya rasu, alhali kuɗin inshora ba ya fitowa sai bayan mutuwa. Idan ya ce wasiyya ce, ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Hujja mafi ƙarfi a ɓangarensa ita ce mamacin bai taɓa mallakar kuɗin ba, balle ya shiga tarikarsa, musamman da yake wurin aiki ne ke biyan kason inshorar. Masu amsa wannan suna yin ƙiyasi da diyya, wadda ita ma ba ta wajaba sai bayan mutuwa, amma ana raba ta bisa kason gado.

5.0 Hurumin Kotu da Matsalar Kalma

Ya kamata a bambance ƙara iri biyu. Taƙaddama da kamfani kan biya batun yarjejeniya ce, ba ta gado ba. Taƙaddama tsakanin magada kuwa tana shiga kyauta da wasiyya da gado, waɗanda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya a hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a idan mamacin Musulmi ne. Kamfanin da mutum biyu suka nemi kuɗi ɗaya daga gare shi yana iya roƙon kotu ta tantance mai haƙƙi, ya tsame hannunsa.

Takardun aiki suna ɗauke da gurabu biyu: na ɗan'uwan da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, da na mai cin gajiyar kuɗi. A bakin jama'a duka biyun "magaji" ne. A Hausa kuwa magaji mai rabo ne a dukiya, don haka wanda ya ga sunansa yakan ɗauka an riga an mallaka masa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar a keɓe kalmomi uku a fassarar takardun inshora: "wanda za a tuntuɓa", "wakilin karɓa" da "mamallaki". Haka kuma ma'aikaci ya sabunta takardarsa bayan kowane aure ko saki ko haihuwa, ya rubuta niyyarsa gaban shaidu. Inda niyya ta fito fili, sulhu yakan wadatar, marayu su tsira daga jeka-ka-dawo a kotu.