Kafin Ku Hau Kujerar Tsara Ilimi: Wasiƙa Ga Ƙannena



Zuwa ga ƙannena maza da mata da ke ajin ƙarshe a jami'a, ko kwalejin ilimi, ko kwalejin fasaha, da waɗanda suka gama bautar ƙasa suna laluben inda za su sa gaba. Ina so mu tattauna a kan wani aiki da ba kasafai matashi ke sa shi cikin burinsa ba, alhali shi ke yanke wa miliyoyin yara makoma: aikin tsara manufofin ilimi da koyon sana'a. Shekara nawa yaro zai yi a firamare, da wane harshe za a koya masa karatu, wace takarda bakanike zai riƙe a yarda da gwanintarsa, duk wasu mutane ne ke zama su yanke. Abin tambaya shi ne daga ina suka fito, kuma me suka taɓa yi da hannunsu kafin su zauna a wurin.

Ku dubi kujerar ministan ilimi ta tarayya kawai. Marigayi Farfesa Jibril Aminu, wanda ya riƙe ta daga 1985 zuwa 1989, likitan zuciya ne. Babs Fafunwa da ya zo a 1990 farfesan ilimi ne gaba da baya. Oby Ezekwesili akanta ce. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 2010 zuwa 2013, masaniyar manhaja ce daga Jami'ar Bayero. Malam Ibrahim Shekarau lissafi ya koyar, ya shugabanci makarantun sakandare, sannan ya shiga siyasa. Malam Adamu Adamu aikin akanta ya karanta, aka san shi da aikin jarida, ya kuwa riƙe ma'aikatar daga 2015 har 2023. Bayansa Farfesa Tahir Mamman, lauya, sai Dakta Tunji Alausa a 2024, likitan ƙoda.

Malamai da yawa suna jin haushin wannan jeri. Cewa suke, ai ba a ba wanda ba lauya ba kujerar ministan shari'a, to don me ilimi ya zama na kowa? Ina fahimtar ƙorafin, amma ban tafi a kansa gaba ɗaya ba. Jibril Aminu bai karanta ilimin koyarwa ba, sai dai kafin ya zama minista ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i da kuma Jami'ar Maiduguri. Abin da ya fi wannan, ɗan Song ne ta Adamawa, ya san ruga, ya san cewa yaron da ke bin shanu ba zai zo aji ƙarfe takwas na safe ba ko da an gina masa bene. A zamaninsa aka ɗauki ilimin 'ya'yan makiyaya da gaske, har aka kafa masa hukuma a 1989 mai hedikwata a Kaduna. Ba takardar likitanci ce ta ba shi wannan ba, sanin mutanen ne. A ɗaya gefen kuma, akwai masu digirin digirgir a fannin ilimi waɗanda rabonsu da ajin firamare tun gwajin koyarwa na makonni kaɗan da suka yi suna ɗalibai. Saboda haka ni abin da nake tambaya a kan mai tsara manufa ba me ya karanta ba ne kaɗai. Nakan tambaya: ya taɓa kwana da nauyin wani aji ko wani shago a wuyansa?

Iyayenmu na farko sun kwana da shi. An buɗe Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai, kuma daga can manyan Arewa suka fito da alli a hannu. Sardauna ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama hedimastan midil ta Bauchi, ya kuma je Landan ƙaro ilimin koyarwa. Malam Aminu Kano malami ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa. Aliyu Makaman Bida daga aji ya fito, ya zama ministan ilimi na Arewa, daga baya aka ba shi ma'aikatar kuɗi. Ku lura da wannan na ƙarshe. Tsohon malamin makaranta ne ke riƙe da lalitar gwamnati, don haka in an kawo masa batun kuɗin littattafai ko abincin 'yan makarantar kwana, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba na cewa zamaninsu babu aibu. Makarantun kaɗan ne, 'ya'ya mata kuma an bar su a baya ƙwarai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa a cikin ɗakin suka tashi.

Yanzu ga abin da ke faruwa in aka tsara abu mai kyau ba tare da mutanen aji ba. Tsarin 6-3-3-4 ya samo asali daga babban taron manhaja na 1969, ya shiga kundin manufar ilimi ta ƙasa a 1977, aka fara aiki da shi a 1982. Niyyarsa kyakkyawa ce: yaro ya gama ƙaramar sakandare ya san riƙon zarto da guduma da wayar lantarki, in bai ci gaba da boko ba ya kama sana'a. Aka sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Na ga irinsu da idona a wata sakandare ta karkara, shekaru bayan isowarsu: akwatunan katako jere a bayan ofishin shugaban makaranta, gara ta cinye gindinsu, man da aka shafe injunan da shi ya daskare ya yi baƙi, takardar bayanin haɗa su na nan a leda ba a ko yage ba. Garin babu wutar lantarki. Malamin da aka ɗora wa darasin kuwa labarin ƙasa ya karanta, sai ya riƙa zana injin a allo yara suna kwafa. Da akwai kafinta ɗaya ko mai walda ɗaya a wurin da aka yanke shawarar sayen, tambayarsa ta farko ita ce ina wuta, ta biyu wa zai gyara in ya lalace.

Irin wannan ta sake faruwa da makarantun almajirai. A 2012 shugaba Jonathan ya buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato, aka gina sama da ɗari a jihohi. Gini ya yi kyau, amma da yawansu sun lalace ko an mai da su wani abu dabam. A ganina babban dalili shi ne an ɗauki alaramma a matsayin wanda za a yi wa tsari, ba wanda za a yi tsari da shi ba. Mutumin da ya san bambancin ƙolo da titibiri da gardi, ya san lokacin da tsangaya ke tashi zuwa cirani, shi ne ƙwararre a wannan fage ko da bai iya harafin boko ɗaya ba. An kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Ku masu haddar Alƙur'ani da kuma digiri, wurinku ne, kada ku bar shi.

Batun harshe ma haka. Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife tun 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, sakamakon kuma ya nuna takwarorinsu ba su bar su a baya ba, har a Turancin. A 2022 gwamnati ta amince a koyar da harshen uwa a firamare, a 2025 aka soke. Tsakanin amincewa da sokewa, littattafai nawa aka buga, malamai nawa aka horar? Wanda ya taɓa zama gaban ɗan shekara shida yana haɗa masa baƙi da wasali ya san cewa wannan ce tambayar.

Fannin koyon sana'a ya fi kowanne fama da wannan giɓi. An kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF a 1971, hukumar ilimin fasaha ta NBTE a 1977, hukumar jarrabawar NABTEB a 1992, ga kuma gwajin sana'a a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago. Hukumomi birjik, amma mafi yawan masu gyaran mota da ɗinki da ƙira da gini a garuruwanmu ba ta ƙofar ko ɗaya suka bi ba. Uba ne ya kama hannun ɗansa ya kai wa maigida, yaro ya fara da share shago da miƙo sifana, bayan shekaru a yaye shi da addu'a. Ku je kasuwar Fanteka a Tudun Wadar Kaduna ku ga tukwane da murhu da injin niƙa suna fitowa daga tarkacen ƙarfe, ga Kwalejin Fasaha ta Kaduna nan kusa da su. Shekaru aru-aru maƙwabta ne da ba ruwan wani da wani. Farfesa Idris Bugaje, injiniyan sinadarai da ya shugabanci kwalejin kafin ya koma NBTE a 2021, yana cikin waɗanda suka matsa a haɗa su, a auna gwanintar mai sana'a a ba shi takardar shaida bisa abin da hannunsa ya iya. Hanya ce mai kyau. Sai dai har yanzu mai sana'a baƙo ne a ɗakin taro, ana gayyatarsa ranar buki. A Jamus ƙungiyoyin masu sana'a ne da kansu ke shirya wa masu koyo jarrabawa.

Kada kuma ku zaci minista ne ke rubuta manufa. Shi yakan zo ya tafi. Masu rubutun su ne daraktocin tsare-tsare da ƙididdiga, da jami'an hukumar manhaja ta NERDC, da na hukumomin ilimin matakin farko na UBEC da SUBEB, da masu ba da shawara da Bankin Duniya ko UNICEF ke ɗauka, waɗanda galibinsu masana tattalin arziki ne da alƙaluma. Babban sakatare kuwa ma'aikacin mulki ne, bana yana ilimi, baɗi a mai da shi ma'aikatar ayyuka. Takarda ɗaya da ƙaramin jami'i ya rubuta, in ta haura ta samu sa hannu, tana iya canza jadawalin makarantu dubu. A nan ake buƙatarku.

To, ku 'yan'uwana malamai, bari in faɗa muku mai ɗaci. Wani ɓangare na dalilin da ya sa ake barin mu a waje shi ne ba mu son lissafin kuɗi da ƙididdiga. In an zo kasafi sai mu ce yara na wahala, a ce mana nawa ake buƙata, sai mu yi shiru, akanta ya amsa a madadinmu. A 1976 da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta, an yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Aka rasa azuzuwa, aka ɗebo malamai da horon gaggawa. Kuskuren ƙidaya ne, kuma mun daɗe muna biyan bashinsa. Dokar UBEC ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, amma sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta karɓa, shi ya sa biliyoyi kan kwanta a Abuja yara na zaune a ƙasa. Malami nawa ne ya san ko jiharsa ta ɗauko nata? Alhali in malamai suka zo da lissafi ana jin su. Asusun TETFund da kuke ganin sunansa a jikin gine-ginen makarantunku ya samo tushe ne daga shawarar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a yarjejeniyar 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabanta: a ɗora wa ribar kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 don ilimi. Aka yi dokar a 1993. Ba kuka suka kai teburin ba, hanyar samo kuɗi suka kai.

Shawarata ke nan. In kai ɗan tattalin arziki ne ko lauya ko injiniya kana sha'awar wannan fage, bismillah, ana buƙatarka, amma ka fara da aji. In bautar ƙasa ta kai ka makarantar ƙauye kada ka nemi a sauya maka zuwa ofis. Ka ɗauki rajista ka kira suna, ka ga yadda ajin ke raguwa ranar kasuwa da lokacin girbi, ka ji yadda malami ke ji in wata ya yi nisa albashi bai zo ba. In ke malama ce, ki koyi karanta kasafin kuɗin jiharku, ki iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, ki iya rubuta takarda mai shafi biyu da kwamishina zai karanta ya gane abin da kike so da abin da zai ci. In kai ɗan kwalejin fasaha ne, ka nemi wani maigida a gareji ko maƙera ka durƙusa ka koya, kada takardarka ta hana ka. Kuma kada ku raina kwalejin ilimi don a 'yan shekarun nan makin shigarta 100 ne cikin 400. Wannan ma wata manufa ce da wasu suka zauna suka yanke, wadda ke jiran masu gyara ta.

Ranar da Allah ya kai ɗayanku kujerar darakta ko kwamishina, ina roƙon abu guda: kafin ka sa hannu a kan kowane tsari, ka kirawo malamar aji ɗaya da alaramma da mai walda, ka zaunar da su, ka karanta musu da Hausa, ka saurari abin da za su ce.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku fi mu.

Wassalam,
Naku, yayanku a fagen koyarwa.