Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Karatun Lafiyar Al'umma

Ya ku 'ya'yana na Tambuwal da Kebbe. A 'yan shekarun nan kun yawaita a makarantun kiwon lafiya, maza da mata, kuma abin yana faranta mana rai. Wasunku suna Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman a Gwadabawa, wasu suna kwalejin jinya ta Tambuwal ko ta cikin Sakkwato, wasu kuma suna nazarin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Allah Ya yi muku albarka. Magana ɗaya zan ajiye muku, ku riƙe ta da kyau.

Cikin darussanku akwai waɗanda ake rububinsu: yin allura, ƙarin ruwa, haddace sunayen magunguna. Akwai kuma waɗanda ake shiga ana hamma: wayar da kan jama'a, yadda ake shiga gari, halayyar ɗan Adam, tsabtar muhalli, cike rajista. To ku sani, a kan waɗannan da ake rainawa aikinku zai tsaya. Abin da ke ɗauke mana yara a Kuchi da Sanyinna da Dogon Daji bai wuce zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da tamowa da ciwon haƙarƙari ba, sai sanƙarau idan zafi ya shigo. Maganin yawancinsu sananne ne, kuma ba shi da tsada. Inda gizo ke saƙar shi ne ya isa cikin gida a kan lokaci, a kuma yarda da shi.

Ku ɗauki maganar cibiya. A shekarar 2013 Jihar Sakkwato ta riga sauran jihohi fara raba man Chlorhexidine na shafa wa cibiyar jariri, da ƙwayar Misoprostol mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa, har cikin unguwanni. Amma wa ke da iko da jariri a satin farko? Kakarsa ce, wadda ta saba gashin cibi da tsumma mai zafi tun kafin a haife ku. In kin shiga ɗaki da farar riga kina cewa wannan jahilci ne, za ta ce "to, 'yata", kina fita man ya koma ƙarƙashin katifa. In kuwa kin durƙusa kin gaishe ta, kin tambayi yadda ta yi renon nata, kin saurara har ta gama, sannan kika wanke hannu kika shafa man a gabanta, kika roƙe ta a bar cibiyar a buɗe, kada a sa toka ko man goge baki, da bakinta za ta gaya wa maƙwabta. Wannan shi ne darasin wayar da kai da kuke gudu.

Haka ruwan gishiri da sukari. A takarda kun rubuta: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kun ci jarrabawa. Amma uwar da ta goyo yaro daga Ungushi ba ta da ma'aunin lita. Ku gaya mata ledar fiya wata biyu ita ce lita, ko ku auna mata a kwanon gidanta ku sa alama. Ku bar ta ta haɗa da hannunta kuna kallo, ta ɗanɗana. Ku tuna mata ƙwayar zinki ta kwana goma, ko da gudawar ta tsaya, kuma kada a hana yaro nono.

Masu karatun jin daɗin jama'a, ku ma kuna ciki. A Sakkwato akwai asibitin yara na cutar noma tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Da kumburin dasashi take farawa a bakin yaro mai tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Wanda ya saba buɗe bakin yaro ya duba zai iya tare ta da magani da abinci kafin ta zaizaye kunci. Wanda ta riga ta taɓa kuwa, ko an yi masa tiyata, sai an samu mai zama da iyayensa da malaminsa kafin ya daina ɓuya ya koma makaranta. Wannan zaman aikinku ne.

Kada ku ɗauka sabon abu ne kuka kawo. Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu, da harshen da suke ji. A zamaninmu ma, da aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, ɗigon rigakafin da aka daɗe ana gudu ne ya yi aikin, bayan sarakuna da malamai sun sa baki, mata kuma sun bi gida gida suna lallashi.

Saura 'yan abubuwa. Kafin mahaifinka ya sayar da gero ya biya kuɗin makaranta, ka bincika ko hukumar da ke yi wa ma'aikata rajista ta amince da ita, don shekara uku na kwas ɗin CHEW, na ma'aikacin lafiyar al'umma, ba wasa ba ne. Idan an tura ku aikin gwaji ƙauye, ku je ku zauna, ku fara da gaida hakimi da mai unguwa da liman da ungozoma. Kada ku nemi a sa muku hannu a littafi kuna kwance a gida. Za a kira ku "dakta", kada ya hau muku kai: mai naƙudar da ta daɗe, ko mai jijjiga, ko yaron da ya sanƙare, ku tura babban asibiti nan take. Sirrin mara lafiya kuwa amana ce, balle a garin da kowa ya san kowa. Ranar da ya fito daga bakinka a majalisa, ranar mata za su daina zuwa awo.

Iyaye, ku bar 'yan mata su kammala, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba komai tsananin ciwo. Ku kuma 'ya'yana, in kun gama, ku tuna Fakku da Girkau da Jabo sun fi birni buƙatarku. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa hannunku ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Amin.