Ga Matasa Masu Busa Kakakin Jamus

'Ya'yana masu busa, ko a badujalar soja kuke, ko ta 'yan sanda, ko a makarantar kiɗa, wata rana kakakin Jamus zai iya shigowa hannunku. Kakakin Turawa da kuka saba da shi bawulolinsa uku fistan ne, a danna su nutse, a saki su taso, irin wanda François Périnet ya fito da shi a Paris a 1839. Na Jamus kuwa bawulinsa murɗawa yake yi ya sauya wa iska hanya, kuma a kwance ake riƙe shi. Josef Riedl na Vienna ya yi rajistar irinsa a 1835, kuma har gobe wannan kakaki manyan ƙungiyoyin kiɗa na Vienna da Berlin ke busawa. Ko a Amurka, in za a yi kiɗan Brahms ko na Bruckner, sau da yawa shi ake ɗaukowa.

Abin da yaro ke fara yi shi ne ya zaro bakin busarsa na kullum, ƙirar kamfanin Bach, 7C ko 1½C, ya cusa a ciki. Sauti zai fita, ba musu. Amma sai ka ji muryar ta tsuke, wasu sautukan sun ɗan haura, wasu sun ɗan sauka, sai yaro ya ce kakakin ne ba shi da kyau. A'a, ɗana, ƙirar ce daban. Bututun da ke tsakanin baki da bawul gajere ne a na Jamus, ramin cikinsa kusan milimita 11 ne, alhali na mai fistan yakan kai 11.7, sannan bakinsa na gaba ya fi faɗi. An yi shi ne don murya mai kauri da taushi, wadda ke sajewa da sauran kayan kiɗa maimakon ta tsaga su. Bakin busar da zai dace da shi dole ya bi wannan nufi.

Ɗauki bakin busarka ka ɗaga shi wajen haske, ka leƙa. Zoben da leɓɓanka ke zama a kai shi ne na farko. Ƙarƙashinsa ƙoƙo. A gindin ƙoƙon akwai ɗan ramin da haske ke shigowa, maƙogwaro ke nan, wanda a bakin Bach na yau da kullum faɗinsa milimita 3.66 ne. Daga nan ramin ke buɗewa sannu sannu cikin wutsiyar da ke shiga kakaki. A bakin da aka ƙera don na Jamus za ka ga ƙoƙon ya fi zurfi, yana gangarawa kamar mazurari, maƙogwaron ya ɗan fi faɗi, ramin wutsiyar ma ya fi buɗewa. Bambancin wani lokaci bai kai rubu'in milimita ba, amma kunne yana ji, ƙirji ma yana ji.

To ga shawarata, kuma ita na fi so ku riƙe: ku bar zoben yadda leɓɓanku suka san shi. Naman leɓe ya daɗe yana koyon wannan faɗi da wannan gefe, kuma mai busa kakaki biyu yana bukatar ya sauya daga wannan zuwa wancan ba tare da bakinsa ya rikice ba. Abin da za a sauya shi ne ƙoƙo da abin da ke bayansa. Shi ya sa gidan Breslmair na ƙasar Ostiriya ke ƙera baki mai kwancewa, ka riƙe zobenka ka ɗaura masa wani ƙoƙon. Gidan Josef Klier na Jamus ma yana yin masu kyau, Yamaha kuma na da 14E4 da 15E4 da 16E4, waɗanda aka yi musamman don mai bawul mai murɗawa. Ku kula da lambobin, don suna ruɗa mutum: a wurin Bach ƙaramar lamba ce mai faɗin zobe, a wurin Yamaha kuwa babba ce.

Kada ku sayi baki don kun ji wani gwani na Vienna da shi yake busa. Leɓensa ba naku ba ne, haƙoransa ba naku ba ne. Ƙoƙo mai zurfi da maƙogwaro mai faɗi suna shan iska, suna gajiyar da wanda bai ƙware ba, sautukan sama kuma su yi masa nisa. Ina jin tausayin yaron da ke danna ƙarfe a leɓensa har ya yi shati don ya cim ma abin da bakin ne ya hana shi.

Ku duba zaman wutsiyar. Saka ta a hankali, ɗan murɗa, sannan girgiza. In tana rawa, ba ta dace ba, kuma hakan ya fi faruwa a tsofaffin kakakin Jamus. Kada a buga ta da tafin hannu, maƙalewa take yi. Bakin busar da rufin azurfarsa ya goge har tagulla ta fito, a ajiye shi, yana iya ɓata fatar leɓe.

Wajen gwaji, sa abokinka ya tsaya can ƙarshen ɗaki, domin abin da kake ji kusa da kunnenka ba shi ke isa ga jama'a ba. Busa dogon sauti a hankali, sannan da ƙarfi, ka hau sama ka sauko, ya gaya maka inda murya ta karkace. Ba sabon baki makonni kafin ka yanke masa hukunci, kuma kada ka sauya ana jibi wasa.

Kayan nan da kuɗin waje ake sayensu. Kafin ku fitar da ko sisi, ku ari na wani, ku wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ku busa a gaban malaminku, ku ji abin da zai ce. Allah Ya yi muku albarka.