Almakashin Mai Tace Bidiyo Amana Ne



A yau da wuya a yi ɗaurin aure, ko walimar sauka, ko taron siyasa a ƙasar Katagum ba ka ga wayoyi a sama ba. Daga Azare zuwa Chinade, Madara, Yana da Gamawa, duk wanda ya sauke CapCut ko KineMaster ko InShot a wayarsa ya zama edita. Wannan ci gaba ne, kuma ina murna da shi, domin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na jami'ar Gadau da dama suna samun na kashewa ta wannan hanya. Abin da ya dame ni shi ne, mun koyi yanka kafin mu koyi nauyin yanka. Da wannan aiki nake ci, shi ya sa nake so mu yi maganar a fili.

Mu fara da aikin kansa. Abubuwa uku ne ginshiƙin tacewa, kuma sababbin shiga suna yawan cakuɗa su.

Na farko datsewa. Za ka tsayar da sandar da ke tafiya a kan layin bidiyo daidai inda kake so, ka raba shi gida biyu. A KineMaster alamar almakashi za ka taɓa, a Adobe Premiere Pro kuwa akwai reza, ko ka danna Ctrl da K. Datsewa ba ta rage komai, iyaka kawai take sa wa.

Na biyu rage baki. Za ka kama farkon guntun ko ƙarshensa ka ja ciki, don cire inda kamara take rawa kafin ta daidaita, ko inda mai magana yake gyaran murya yana busa makirufo. Abin da ka rage bai ɓace ba, ɓoye shi ka yi, kana ja waje zai dawo.

Na uku cirewa. Ka datse nan, ka datse can, ka goge tsakiya. A nan ake yawan yin ɓarna. A Premiere, gogewa zalla tana barin rami, mai kallo ya ga baƙin allo, sai ka haɗa Shift da Delete sannan ramin ya rufe. A CapCut babban layi yana rufe kansa, amma ka duba kiɗa da rubutu da muryar da ka ɗora daban, kada hoto ya matsa su tsaya, ka wayi gari baki yana gaba murya tana biye.

Duk waɗannan ba sa taɓa asalin bidiyon da ka ɗauka. Manhajar umarni kawai take ajiyewa: fara daga nan, tsaya a can. Saboda haka kada ka goge asalin don neman fili a waya alhali ba ka fitar da aikin ba. Ko bayan ka fitar, ka kwashe asalin zuwa kwamfuta ko filashi. Wanda aka tura ta WhatsApp ba madadinsa ba ne, domin an matse shi, ingancinsa ya ragu.

Yanka mai kyau a kan numfashi yake faɗawa. Ka buɗe layin sosai har ka ga zanen murya, tudu da kwari. Tudu magana ce, kwari shiru ne. A kwari ake yanka. Daƙiƙa ɗaya tana ɗauke da hoto 25 ko 30 a yawancin kamarori da wayoyinmu, don haka kuskuren hoto huɗu ko biyar ya isa ya cinye wa mutum ƙarshen kalma. Tela yana auna yadi sau biyu kafin ya sa almakashi, kai ma ka saurari wurin da abin ji a kunne, gaba da baya, kafin ka yanke.

Sannan ka san abin da ba a taɓawa. A bidiyon ɗaurin aure kana iya cire jiran liman, da shigowar baƙi, da rabon goro da alawa. Amma daga inda wakilin ango ya nemi aure, waliyyi ya bayar, aka ambaci sadaki, shaidu suka ji, ka bar shi yadda yake ko da janareta yana ƙara. Wata rana wannan bidiyon zai iya zama hujja. Haka hawan sallah. Tun da fadar Katagum ta koma Azare a 1916 an yi shekaru masu yawa ana hawa babu mai ɗauka, yanzu kuwa mu ne ke ajiye wa na baya. Ka rage tsawon jira, amma kada ka sauya jerin hakimai don dokin wani ya fi ado, ka kai shi gaba. Jerin nan matsayi ne, kuma jikokinmu da bidiyonka za su kafa hujja kan yadda ake hawa a zamanin Mai Martaba Sarki Umar Faruq na Biyu.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. An taɓa kawo mini karatun wani malami mai tsawon fiye da sa'a guda, aka ce in fitar da guntun da bai kai minti ɗaya ba. Da na saurara, sai na ji malamin ya ce wasu mutane suna cewa kaza da kaza, ya kawo maganarsu dalla-dalla, sannan ya shiga warware ta. Mai aikin yana so in datse bayan "wasu suna cewa", in sake datsewa kafin warwarar. Datsa biyu, gogewa biyu, aikin da bai kai shan ruwa ba. Da ya fita, da jama'a sun ga malamin da fuskarsa da muryarsa yana faɗin abin da ya zauna don ya rushe. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya ba. In kana so in fitar da maganar tare da amsarta, yanzu zan yi." Ya karɓi filashinsa ya tafi.

Ba a ƙara wa malamin ko harafi ba, amma da an yi masa ƙarya. Masu fim sun daɗe da sanin haka. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya nuna cewa fuska ɗaya tak, in aka jera ta da kwanon abinci sai a ga yunwa, in aka jera ta da gawa sai a ga baƙin ciki. Ma'ana tana fitowa daga abin da aka sa kusa da abu. A fim ɗin Kannywood wannan gwaninta ce, domin kowa ya san shiri ne. A wa'azi, ko jawabin ɗan takara, ko bayanin likita kan rigakafi, cin amana ne. Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, kuma da wannan yardar mai yankakken bidiyo yake cutar mu.

Don haka, masu kallo, ga alamomin da za ku lura da su. Magana ta fara daga tsakiya, ko ta tsaya mai ita bai sauke numfashi ba. Kan mai magana ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙarar fanka ko hayaniyar babura ta yanke farat ɗaya ta dawo da wani amo. An sako hoton jama'a ko wani rubutu daidai lokacin da maganar ta yi zafi, domin a nan ake ɓoye ɗinki. In kun ga ɗaya daga ciki, ku nemi cikakken kafin ku tura wa kowa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yaɗa ƙaryar da ya san ƙarya ce don tada zaune tsaye.

Ku kuma abokan sana'a, ba cewa nake kada a taƙaita ba. Ba kowa ke da datar kallon sa'a biyu ba, taƙaitawa hidima ce. Amma ku riƙe ƙa'ida uku. In kun cire wani abu daga tsakiyar maganar mutum, ku bar alama, ko ɗan farin haske ko dusashewa, don mai kallo ya san an tsallake. Ku rubuta wuri da rana da inda za a samu cikakken. Sannan kafin ku danna fitarwa, ku tambayi kanku: in mai maganar ya zauna kusa da ni ya kalli wannan, zai ce haka yake nufi?

In amsar a'a ce, ku mayar da abin da kuka cire. Kuɗin aikin zai ƙare cikin mako, amma bidiyon zai ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, yana ɓata sunan bawan Allah, yana haɗa unguwa da unguwa faɗa, kuma ba ku da maɓallin da zai janyo shi. Azare gari ne da kowa ya san kowa. Editan da aka sani da amana ba ya rasa aiki, kuma shi iyaye ke kai wa 'ya'yansu koyo. Allah ya sa mu ci halal da hannuwanmu, ya tsare mu daga zama sanadin fitina.