Yadda Ake Atisayen Ceto Jaririn da Bai Yi Kuka Ba

Duk wadda ta taɓa karɓar haihuwa ta san shirun nan: jariri ya faɗo, ɗaki ya yi tsit, ana jiran kuka, kuka bai zo ba. Cikin jarirai 10, kusan ɗaya yakan buƙaci taimako kafin ya fara numfashi, kuma so ake taimakon ya iso cikin minti ɗaya. Daga ƙaramin asibiti a Dutsen Abba, minti ɗaya ko mota ba a samu ba, balle a kai Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, balle kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Hannun da ya karɓi yaron, shi ne zai cece shi da yardar Allah. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, dole hannun nan ya saba tun kafin ranar, kuma a jikin 'yar tsana zai saba.

Dabarar ta daɗe. A 1759 Sarkin Faransa ya ba wata ungozoma, Madam du Coudray, izinin zagaya ƙasar tana koyar da karɓar haihuwa da mutum-mutumin da aka ɗinka da yadi da fata. A zamaninmu, shirin Helping Babies Breathe na taimaka wa jarirai numfashi, wanda aka ƙaddamar a 2010, yana amfani da 'yar tsana mai suna NeoNatalie, ƙirar kamfanin Laerdal na Norway. Ga yadda ake atisayen.

Mataki na 1: Haɗa kaya

A cika 'yar tsanar da ruwan ɗumi har ta yi nauyi irin na jariri. Tana da 'yan robobi da mai koyarwa ke matsawa a ɓoye: ƙirji ya ɗaga, cibiya ta buga, ko a ji kuka. A tanadi zannuwa biyu busassu, hula, safar hannu, almakashi, zaren ɗaure cibiya, abin zuƙe majina, jakar hura iska da marufinta na hanci da baki, da agogo mai nuna daƙiƙa. Kayan ɗakin haihuwa na yau da kullum ake so, a kuma yi atisayen cikin ɗakin. Ta haka ake gano cewa jakar tana kulle a kabad, mai mabuɗin kuma ya tafi masallaci.

Mataki na 2: Raba aiki da ƙulla amana

Mutum uku sun isa: mai karɓar haihuwa, mai taimaka mata, da mai koyarwa da ke riƙe da agogo. Kafin a fara, mai koyarwa ta fito fili ta ce, "Ba jarrabawa muke yi ba. Duk kuskuren da aka yi a ɗakin nan, a nan za a bar shi." Wannan magana ita ce ginshiƙi. Ma'aikaciyar da ke tsoron a kunyata ta gaban na ƙasa da ita, ɓoye rashin iyawarta za ta yi, ta tafi da shi kan jaririn gaske.

Mataki na 3: Ba da labari

Gajere ake yi: "Ƙarfe biyu na dare ne, an ɗauke wuta. An kawo mace cikinta ya isa haihuwa, ta daɗe tana naƙuda a gida. Kai ya fito." Mai karɓa ta wanke hannu, ta gwada jakar a tafin hannunta ta ji ko tana hura iska, ta gaya wa mai taimako aikinta. Da an miƙa mata 'yar tsana, agogo ya fara.

Mataki na 4: Minti ɗaya

Nan ne zuciyar aikin. Ta goge jikin sosai da zane, ta janye jiƙaƙƙen, ta lulluɓe da busasshe, ta sa hula. Ba kuka. Ta daidaita kan, wuya ya ɗan miƙe. In majina ta toshe hanya, ta zuƙe baki tukuna, sannan hanci. Ta murza gadon baya sau ɗaya ko biyu. Ba a ɗaga jariri ta ƙafa a mare shi, ba a kuma yayyafa masa ruwan sanyi. Lokaci suke ci, sanyi kuma yana cutar da shi.

In har yanzu ba numfashi, ta ɗaga murya: "Sista, zo ki taimake ni!" Ta ɗora marufin ya rufe haɓa da baki da hanci ba tare da ya hau ido ba, ta fara matsa jakar, wajen sau 40 a minti, tana ƙirga a fili: "Hura, biyu, uku." Idonta na kan ƙirji. In bai ɗaga ba, iska ba ta shiga: ta gyara zaman marufi, ta gyara kai, ta duba majina, ta ɗan buɗe bakin, ta ƙara ƙarfin matsawa. Mai taimako ta taɓa cibiya ta ji bugun zuciya. Sama da 100 a minti shi ake so. In ya yi ƙasa, a ci gaba da hurawa, a kuma nemi motar kai shi babban asibiti.

Mai koyarwa ba ta sa baki ko da ta ga kuskure. Ta bar shi ya kai ƙarshensa, don 'yar tsana ba ta mutuwa.

Mataki na 5: Zaman bita

A zauna nan take. Mai koyarwa ta fara da tambaya: "Ya kika ji?" Sannan, "Me ya tafi daidai?" Sai a zo kan gyara, da abin da ido ya gani: "Anti, na ga daƙiƙa 90 sun wuce kafin iska ta shiga. Me ya tsayar da ke?" Sau da yawa amsar takan nuna laifin tsari ne: tocila ba batir, marufin ya yi wa fuskar girma, ko ba a san wa za a kira ba. A gyara a ranar, a sake atisayen har iska ta shiga cikin minti ɗaya.

Mataki na 6: Maimaitawa

A asibitoci 8 na Tanzaniya, rahoton 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan shigo da shirin. Amma asibitin Haydom na ƙasar ya koyar da wani darasi: bayan horon yini ɗaya, ma'aikata sun iya a jikin 'yar tsana, aikinsu a ɗakin haihuwa kuwa bai sauya ba. Sai da aka koma gajerun atisaye a kai a kai, sannan mutuwar ta sauko daga kusan 11 zuwa 7 cikin haihuwa 1,000.

Saboda haka kada 'yar tsana ta kwana a ofishin shugaba cikin kwalinta. A ajiye ta kusa da gadon haihuwa, duk mai karɓar aiki ta ba ta minti 5 kafin ta zauna. Ranar da shirun nan ya sauka da tsakar dare, ko da zuciya ta tsinke, hannu zai kai kan jakar da kansa.